Motar Baba Ta Rame

Auta ya ɗora ƙofar a kan sikeli, ya ja da baya yana share gumi da bayan hannu. Allurar ta yi rawa, ta yi rawa, sannan ta tsaya. Ya leƙa, ya yi murmushi irin na wanda ya kama ɓeran da ya daɗe yana yi masa ɓarna. Ashe duk shekarun nan ƙofofin nan ne suke cin amanarsa. Ƙarfe ninki biyu, ga gilashi, ga abin murɗa gilashin, ga maƙalai masu kauri kamar na ƙofar kurkuku. Ya kinkime ta ya kai lungu, ya jingine kusa da 'yar'uwarta da ya cire tun da farar safiya.

Lungun ya cika. Akwai safaya, akwai bamba ta gaba da ta baya, da kafet, da rediyo, da hon, da madubin ciki, har da ɗan akwatin tokar sigari da ba a taɓa zuba toka a cikinsa ba. Tun farkon shekara Auta ya kafa wa kansa doka: duk abin da ya kwance daga jikin motar sai ya auna shi, ya tambaye shi me yake yi wa gudu. In bai ba da amsa ba, sai lungu. To ƙarfe kuwa ba ya magana, shi ya sa lungun ya cika.

Motar ja ce, mai kujera biyu, ta girmi Auta nesa ba kusa ba. Gajera ce har in mutum ya zauna a ciki sai a ce a ƙasa yake zaune. Baba ne ya saye ta tun yana direban motar asibiti, a hannun wani injiniya da zai bar gari. Sau ɗaya a shekara masu irin tsofaffin motocin nan sukan haɗu a tsohon filin jirgin sama, a jera tayoyi a fitar da hanya mai kwana-kwana, kowace mota ta zagaya ita kaɗai ana duba mata agogo. Bara wani likitan haƙori ne ya kayar da Auta. Tazarar ba ta fi ƙiftawar ido ba, amma bakin Likita ya mayar da ita tafiyar yini. A gaban jama'a ya ce baɗi in Auta zai fita a ajiye agogo, a kawo kalanda. Aka yi dariya aka watse, kowa ya manta. Auta ne kaɗai ya tafi da maganar gida, ya kwana da ita, ya tashi da ita. Yau kuma ita ce baɗin.

A cikin lungun, a kan bulo biyu, an ɗora kujerar gefen direba, Baba kuma yana zaune a kai da kofin shayi. Tun ranar da ya gogi ƙyauren gida da motar, Auta da Yaya suka zauna suka yanke shawarar karɓe masa makulli. Bai yi musu ba. Ya koma kujerar gefe, duk inda Auta za shi ya bi. Da aka cire kujerar ma a makon nan sai ya bi ta lungu kawai, kamar yadda mutum yake bin tabarmarsa in an janye ta zuwa inuwa.

Auta ya jawo falle biyu na ƙarfe sirara kamar gwangwanin madara, ya manna a gurbin ƙofofin, ya bi su da walda. Masu shirya gasar sun ce duk wanda ya cire ƙofa sai ya gitta bututun ƙarfe mai kauri a wurin saboda tsaro, don haka ya gitta, ya haɗa shi da kejin bututun da ya riga ya yi a ciki. Tagar ta ɗan ƙara tsukewa, amma aikin ya yi kyau. Ya fesa jan fenti, ya tsaya yana kallo, hannu a ƙugu.

A haka Yaya ta shigo, makullin motarta a hannu, don ita za ta ɗauki Baba. Ta gaishe da Baba, ta zagaya motar sau ɗaya tana toshe hanci saboda warin fenti. Ta ce ita dai da a bakin hanya ta ga motar nan da ta ce ɓarayi sun riga 'yan sanda zuwa. Auta ya yi mata bayani a tsanake, cewa mota kamar jaki ce, in ka rage mata kaya ba sai ka doke ta ba. Ta ce ta ji, amma jaki ko an sauke masa kaya akan bar masa kunnuwa.

Baba ya ɗago kai. “Auta, ta ina ake shiga?”

“Ta taga, Baba. Haka 'yan tseren gaske suke yi. Ka zura ƙafa, ka sulale.”

Baba ya dubi tagar. Ya dubi Auta. Ya kurɓi shayinsa.

Shi Auta a suna ne kawai auta. Tun yana ƙarami duk abin da aka rage a kwano shi ake tura wa, wai kar ɗan auta ya yi kuka, jikin kuma ya karɓi alherin bai mayar ba. Ba kuma za a ce bai yi nasa ƙoƙarin ba. Ya daina sa sukari a shayi kwanakin baya, yau ma ko karyawa bai yi ba, kuma ya zaɓi takalmi mara nauyi. A lissafinsa ya yi abin da ɗan adam zai iya.

Da janwe, motar da za ta ɗauki tasa zuwa filin, ta iso, Auta ya hana a tayar da motar. Man da ke ciki a aune yake, ko cokali ba ya son a ƙone a banza. Mai janwe ya ɗaura mata igiyar ƙarfe ya ja, Auta yana tafiya a gefe, hannu ta taga yana saita sitiyari. Mai janwe ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa jan mota mai sauƙi irin wannan ba, kamar kwali. Maganar ta yi wa Auta daɗi, har ya sa shi ya maimaita.

Rana ta ɗaga sosai suka isa filin. Motoci sun jeru, masu su suna ta goge abin da ya riga ya goge. Alƙalin gasa, wani dogon mutum mai lasifika rataye a wuya, ya zo ya jijjiga bututun da hannu biyu, ya ƙwanƙwasa waldar, ya yaba, ya manna takardar izini a gilashin gaba. Mutane suka taru suna leƙe. Wani ya ce ai wannan in iska ta taso sai a ɗora mata dutse.

Likita ya taho cikin fararen kaya, siriri, yana murmushin tallar sana'arsa. Ya rusuna ya gaida Baba, ya tambaye shi ko haƙoran da ya yi masa suna zaune lafiya. Sannan ya dubi motar, ya tambayi Auta ko ciwo ta yi. Auta ya ce azumi take yi, da yamma za ta sha ruwa da shi. Ya ji daɗin amsar tasa, don tun jiya ya tanade ta.

Likita aka fara kira a cikinsu. Ya yi gudu mai kyau, tayoyi suna ƙara a kowace kwana, ya dawo aka faɗi lokacinsa aka tafa. Ya fi na bara. Auta ya ji lokacin, ya auna shi da abin da ke lungun gareji, zuciyarsa ta kwanta. Alƙali ya ce jar mota ta shirya. Aka tura ta kusa da layi. Auta ya sa hular kwano, ya tofa bisimilla, ya kama rufin motar, ya zura ƙafar dama, ya zura ta hagu.

Ƙafafu sun shiga lafiya. Cinyoyi ma sun shiga, da ɗan rarrashi. Daga nan tafiya ta tsaya.

Ya ja numfashi ya shanye ciki, ya murɗa hagu, ya murɗa dama. Bututun ya tokare shi ta ƙasa, rufi ya tokare shi ta sama, sabon fallen ƙarfen ya yi wani ɗan kuka. Ya fito da ƙyar, ya yi wa mutane murmushi kamar dama gwaji yake yi, ya ce bari ya shiga ta ka. Kai ya shiga, kafaɗa ɗaya ta shiga, ya karkace ɗayar ta bi. Ya kama sitiyari ya ja kansa da dukan ƙarfinsa, sai ga shi rabi a ciki rabi a waje, hancinsa a kan giya, ƙafafunsa suna lilo a iska. Gaba ta ƙi, baya ta ƙi.

Daga ciki yana jin komai. Ya ji shirun da aka yi, irin shirun mutanen kirki da suke danne dariya. Ya ji wani ya kasa dannewa. Ya ji Yaya tana salati. Mutum biyu suka kama ƙafafunsa za su fizga, sai muryar Likita ta tsayar da su.

“Kar ku ja kai tsaye, zai karye a ciki. A girgiza shi tukuna, nan da nan, sai ya saki. Sana'ata ce.”

Abin haushin shi ne dabarar ta yi. Auta ya fito kamar an zare toshiyar kwalba, jan fenti ya yi masa ɗamara a ciki, maɓallan rigarsa sun zube a cikin motar inda ba mai iya ɗauko su.

Nan fa shawara ta yi arha. Wani ya ce a yanke bututun, akwai injin yanka a motarsa. Alƙali ya ce ana taɓa bututun zai ɓare takardarsa, doka ce, ba shi ya yi ta ba. Wani ya ce ta gilashin baya, aka leƙa aka ga Auta ya gitta ƙarfe biyu a nan ma, da kyau kuwa. Mai janwe ya ce yana da gwangwanin giris, in maigida zai tuɓe riga. Auta har ya kai hannu wuyan rigar, Yaya ta ce ba dai tana raye ba, gidansu yana da sauran mutunci ko da motarsu ba ta da ƙofa.

Alƙali mutum ne mai tausayi. Ya ce zai saki motoci biyu da ke baya su wuce, in sun gama jar mota ba ta kan layi, sai baɗi. Ya ƙara da cewa ba dole sai Auta ba, duk wani ɗan gida mai lasin zai iya tuƙawa, motar aka rubuta ba mutum ba. Auta ya dubi Yaya. Yaya ta ce kar ma ya fara, kwano ɗaya suka ci, in shi ya maƙale a ciki ita a ƙugu za ta maƙale.

Baba ya sa hannu a aljihun gaba, ya zaro lasin, ya miƙa wa alƙali. Sabo ful. Ashe yana zuwa yana sabuntawa abinsa, ba wanda ya sani.

Yaya ta ce sam. Ta tuna masa shekarunsa, ta tuna masa maganin da yake sha, ta tuna masa ƙyaure.

“Iska ce ta turo ƙyauren,” in ji Baba. “Ba wanda ya tambaye ni.”

Bai ɗaga murya ba, kuma bai roƙi kowa ba. Ya tsaya kawai a kan sandarsa yana kallon motar farko tana zagaye. Makullin yana hannun Auta. Ya murza shi, ya murza shi. Shi ya kwana a ƙarƙashin motar nan, shi ya ƙona yatsu, shi ya sha shayi lami. A duk mafarkin da ya yi na ranar nan shi ne a bayan sitiyari. Likita ya matso ya dafa kafaɗarsa da tausayi, ya ce ba komai, a bar wa baɗi, kafin nan ko taga ta faɗaɗa ko wani abu ya ragu.

Auta ya miƙa wa Baba makulli.

Shi da kansa ya ɗauke shi. Ya sa hannu ɗaya a bayansa, ɗaya a ƙarƙashin gwiwoyinsa, ya tattaro ƙarfi kamar zai ɗaga injin, sai ya ji ya kusa faɗuwa ta baya. Ba nauyi. Kamar ƙullin wanki. Bai san yaushe Baba ya koma haka ba, alhali kullum suna gida ɗaya. Ya zura shi ta tagar, ko gefen rigarsa bai taɓa fenti ba. Kujerar a ɗaure take da ƙasa daidai tsawon ƙafar Auta, don ya cire ƙarfen da ake matsar da ita tun tuni, saboda haka aka naɗe rigar tseren Auta aka cusa a bayan Baba. Hular kwanon ta yi masa yawa, aka matse igiyar har ƙarshe.

Baba ya miƙo hularsa ta taga, da sandarsa, da agogon hannu, da carbi, da makullan ɗaki. Ya ɗan yi tunani, ya sa yatsu a baki ya zaro haƙoran, ya naɗe a hankici ya ɗora a kan sauran. Ya ce tunda nauyi ake ragewa.

Aka sauke tuta. Motar ta tashi a hankali, ba ƙara, ba hayaƙi, kamar mai zuwa gaisuwar mara lafiya. Auta ya runtse ido. Ya ce a ransa shi ke nan, yau Likita zai nemi a kawo kalandar shekara biyu. Da ya buɗe, motar ta kusa kwanar farko, wurin da shi yakan taka birki har ƙasa. Ya jira jar fitila ta kama. Sai ya tuna ya cire fitilun. Ya jira hancin motar ya duƙa, bai duƙa ba. Ta shiga kwanar ta fita kamar ruwa a kwata, ko taya ɗaya bai yi ƙara ba.

Haka ta yi a ta biyu, haka a ta uku. A ido ba gudu take yi ba, amma kuma ba ta taɓa rage shi ba. Mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai masu naƙuda da masu karaya asibiti, ana ce masa yi sauri amma kar ka girgiza, ai haka zai tuƙa. Da ta fito doguwar miƙaƙƙiyar hanya sai injin ya buɗe murya, wata murya da Auta bai taɓa jin ta ba duk daɗewarsa da motar. Yaya ta damƙe hannunsa har farcenta ya shiga. Da farko addu'a take yi, daga baya ya ji tana cewa, “Taka, Baba, taka.”

Alƙali ya dubi agogo, ya sake duba, ya nuna wa na kusa da shi, sannan ya faɗa a lasifika. Jar mota ta wuce Likita. Ba da yawa ba, amma ba sai an yi gardama ba.

Mutane suka yo kan Auta, suna girgiza masa gwiwar hannu saboda hannuwan a cike suke da hula da sanda da haƙora. Kowa yana cewa aikinsa ne, dabararsa ce. Likita ma ya zo, kuma don Allah bai ɓoye ba, ya ce an kayar da shi, duk abin da Auta ya cire daga motar nan ya yi daidai. Sai kuma sana'ar bakinsa ta motsa, ya ce na ƙarshen da ya cire ne dai ya fi amfani. Aka fashe da dariya. Auta ma ya yi, don ba abin da ya rage masa. Shekara guda yana jiran ya ga fuskar Likita a haka, ga ta kuma ya gani. Yana ta juya abin a ransa yana neman inda zaƙin yake.

Baba bai nemi a fito da shi ba. Ya kashe injin, ya yafito Auta da yatsa, ya karɓi hankicin ya mayar da haƙoransa, ya motsa baki har suka zauna.

“An ce akwai zagaye na biyu bayan an ci abinci.”

“Akwai, Baba.”

“Ta karkata. Gefen nan nawa ya ɗaga sama, a kwanar hagu tana son ta zame. Da nauyinka ka saita ta.”

Gaskiya ne, da nauyinsa ya saita ta, ya ɗaure notunan ƙafafun motar na gefen direba tamau don su ɗauke shi. Auta ya dubi Yaya. Idonta yana ce masa sau ɗaya ya isa, a gode wa Allah a tafi gida. Kuma da ya ce ba lokaci, ko ya ce bai zo da kayan aiki ba, ba ƙarya ya yi ba, don akwatin kayan ma yana lungu. Baba ya ɗora hannu biyu a kan sitiyari yana kallon gaba.

Auta ya damƙa wa Yaya hula da sanda da sauran tarkacen. Ya taka har wurin motar Likita, ya ce a ara masa jak da sufana. Ya dawo ya ɗaga gefen, ya kwanta a ƙasa mai zafi, ya tura kansa ƙarƙashi iyakar inda cikinsa ya yarda. Ya kama notin, ya tsaya.

“Baba, nauyinka nawa yanzu?”

“Ina zan sani?” Muryar ta sauko masa ta taga. “Kai ka ɗauke ni.”

Auta ya gyara riƙon sufana a ƙarƙashin motar. Sannan ya fara sassautawa, ya yi ta sassautawa.